Rasuwar Gaggawa, Mai Awon Maƙogwaro a Doka

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika har baki, ni Mijinyawa, mai ɗakin awo a ƙaramin asibitin unguwarmu nan Doka ta yankin Gadarif, nake sanar da 'yan'uwa, da masu yankan riɗi na Simsim da Ƙala'at an-Nahal, da direbobin lori, rasuwar abokiyar aikina, na'urar awon maƙogwaro wadda mata suka raɗa wa suna Gaggawa. Ta cika ranar Talata da hantsi, tana bakin aiki.

Wasu likitocin zuciya da suka zo duba yara ne suka bar mana ita. Girmanta bai wuce rediyo ba. Aikinta ɗaya ne, gano ƙwayar cutar nan da likitoci ke kira sitirep, wadda in ka leƙa ta a madubin awo sai ka gan ta a jere kamar carbi. A maƙogwaron yaro take farawa, ciwo da zazzaɓi, a ce mura ce. In ba a yi allurar fenisilin ba, sai bayan an manta ta bi gaɓoɓi, ta je ta cinye ƙofofin zuciya.

Kafin zuwan marigayiya, sai in goga auduga a maƙogwaro, in roƙi direba ya kai Gadarif, a shuka ƙwayar a faranti a jira ta tsiro. Kafin amsa ta dawo, uban ya ɗauki ɗansa ya koma gona, babu wanda ya san a wace bukka yake. Gaggawa kuwa, in jiƙa audugar a ruwan magani, in ɗiga a 'yar takardarta, in zura mata. Kafin shayina ya huce sai ka ji "tit" in babu, "tit-tit-tit" in akwai. Ba ta taɓa duba wanda ya zo da mota da wanda ya zo da lauje a kafaɗa ba. Albarkacinta ba mu ɓarnatar da allura ga mai mura ba, ba mu kuma sallami mai sitirep hannu banza ba.

Rashin lafiyarta gajere ne. Wuta ta ɗauke, aka tada janareto, ya turo mata abin da ya fi ƙarfinta. Ta yi wani dogon "tiiii" da ban taɓa ji ba, fuskarta ta yi duhu, warin ƙonanniyar roba ya cika ɗakin. A lokacin awon Ummusalama na cikinta.

Ummusalama 'yar Dije ce, mai dafa wa leburori abinci a wata gona bayan Simsim. Bara muka binne yayarta Hanatu, wadda aka kawo mana ƙafafu a kumbure, tana haki ko a zaune. Ciwon maƙogwaro ne da aka sha wa jiƙo tun tana ƙarama. Shi ya sa wannan karon, da ƙanwar ta kasa haɗiyar kunu, Dije ta bar tukunya a wuta ta hau tarakta da ita. Tana tsaye a ƙofa ta kira ni yadda ake kiran likita a nan, ta ce, "Hakim, ban ji ta yi magana ba. Ɗaya ta ce ko uku?"

Na rungumi gawar zuwa kasuwar Gadarif wurin Kassim mai gyaran rediyo. Ya buɗe, ya shinshina, ya mayar da murfin a hankali. "Halas, ta ƙare, Malam Mijinyawa. Ƙwaƙwalwar ce ta ƙone, ko a Hartum ban san mai irinta ba."

Tun kafin in tafi na yi wa Ummusalama allura a makance, ta koma gona da uwarta. Amma fenisilin ɗin da ya rage bai cika tafin hannu ba, lokacin yankan riɗi ne, garin cike yake da baƙi, kuma kowace safiya benci cike yake da yara masu riƙe da wuya. Tocila nake haska musu in yi zato. Wanda na sallama jiya, har yanzu fuskarsa ba ta bar ni ba.

Ta rasu ta bar yayanta madubin awo, tsoho mai ido ɗaya wanda ba ya rarrabe mugun sitirep da na banza, da firji mai tari, da marayu kwali guda na takardun awo waɗanda babu mai karanta su sai ita, kwanansu kuma na ƙarewa kafin damina.

Ba za a yi mata wanka ba, ba ta son ruwa. An lulluɓe ta da farin ƙyalle a kan teburinta, kuma ba zan binne ta ba sai na ji daga likitocin da suka kawo ta, in akwai wanda ya san inda suke, don girman Allah ya gaya musu. Ana karɓar gaisuwa a ƙofar ɗakin awo daga sallar asuba zuwa la'asar. Kada a kawo dabino ko shayi. Direban da zai shiga Gadarif ya tsaya ya karɓi auduga ya kai. Wanda kuma zai bi ta Simsim, ya nemi Dije mai abinci, ya duba mini ko ƙafar yarinyar ta kumbura.