Roƙon da Kawu Ya Karanta a Bikin Yaya Usman

Ba zan taɓa mantawa da bikin Yaya Usman ba, kuma ko na so mantawa mutanen ƙauyenmu ba za su bari ba.

Shekarar da na dawo daga karatu a birnin Madani ne shaiɗan ya raya mini in rubuta tawa babbar manhajar kwamfuta, wato wadda ke tashin na'ura da zarar an kunna, ta riƙa tafiyar da komai. Manyan kamfanoni da tulin injiniyoyi ke irin wannan aiki. Ni kuwa tsohuwar laftof gare ni da inuwar dalbejiya a bakin hawashar Baba, gonarmu ta auduga. (Har na faɗa wa abokai cewa kafin girbi duk yankinmu na Jazira da ita za a yi aiki. Allah ya yafe mini.)

Auduga ta tsiro, ta yi fure, aka tsince ta, manhajata ba ta iya komai ba sai mutuwa. Ta tashi, ta ɗan yi motsi, ta faɗi, kwamfutar ta sake kunna kanta. Don in gane inda take faɗuwa, sai na sa ta riƙa rubuta jimla a allo a kowane mataki. Da farko ina rubuta "an iso nan". Da wahala ta yi wahala, na koma roƙonta.

Ranar bikin, Yaya Usman, ɗan wan babana, ya ce in kawo laftof a haɗa da babban talabijin a rumfa, a nuna hotunan ango da amarya. Komai lafiya har aka ɗauke kahraba, wato wutar lantarki. Batirin laftof ɗina kuwa ya riga mu gidan gaskiya tun tuni. Kafin a tada janareta na zagaya wajen masu rabon nama, na manta filashin manhajata yana soke a jikin laftof ɗin. Wuta na dawowa wani ya kunna laftof ɗin, sai ga manhajata ta taso a kan talabijin maimakon hotuna.

Da haruffan boko na yi rubutun, don manhajar ba ta san na Larabci ba, mutanenmu kuwa da Larabci suka saba. Sai Kawu Babikir, wanda ya koyar da Turanci a garin Suki har ya yi ritaya, ya gyara rawani ya karɓi makirfo.

"Jama'a, ɗanmu ya rubuto gaisuwa ga amarya. Ku saurara."

Ina tsaye da ƙashi a baki na ji muryarsa ta cika unguwa:

"Don Allah ki tashi. Na daina barci saboda ke. Kar ki yi mini haka a gaban mutane."

Guɗa ta tsaya cak. Na yar da ƙashin na kwasa da gudu, takalmi ɗaya ya tsaya a hanya.

"In kika sake tafiya, wallahi noma zan koma," in ji Kawu. Nan manhajar ta mutu kamar yadda ta saba, ta taso ta faro daga farko. Kawu ya dubi allo ya ce, "La ilaha, yana nanatawa!"

Na iso na fizge filashin. Yaya Usman ya miƙe, jallabiyarsa na kaɗawa.

"Ya zol, kai ɗan nan, da wa kake?"

"Wallahi Yaya, da manhaja nake!"

Daga ɓangaren mata kakarmu ta ɗaga murya: "Ita Manhajar ɗiyar wa ce? In 'yar mutunci ce a je a nema mishi, ya bar matar ɗan'uwansa!"

Sai da na sake kunna abin a gaban dattawa, suka ga ta mutu ta taso da idonsu, kafin Yaya ya zauna. Ya yi dariya har ya riƙe ciki. Amarya dai har yau in ta hango ni sai ta ce, "Ya jikin mutuniyar?"

Ban daina ba fa. Yanzu tana gane madannai, in na danna harafi ya fito, wani lokacin ma wanda na danna. Abin da na koya shi ne, in za ka yi wa na'ura kuka, yi da baki. Iska ba ta ajiye magana, kwamfuta kuwa maƙwabciya ce mai tsegumi, taro kawai take jira.