Sunan da Dutse Zai Maimaita

A wani daji da ke kwance a gindin wani dogon dutse, matan dajin suna da wata al'ada da suka riƙe shekara da shekaru. Duk lokacin da bazara ta yi nisa, sai su haɗa ayari su hau dutsen nan har ƙololuwa, don a tara wa marasa ƙarfi abin taimako. Kada mai karatu ya tambaye ni me ya haɗa hawan dutse da taimako, ni ma na tambaya. Abin da aka gaya mini shi ne, manyan dajin ba sa iya sakin hannu sai sun ga wani yana haki.

Dokar ayarin ɗaya ce. Kowace mai hawa sai ta samo wanda zai ɗauki nauyinta, ya yi alkawarin abin da zai bayar, ita kuma in ta kai sama ta kira sunansa. Dutsen yana da amsa-kuwwa mai kaiwa ko'ina a dajin, sai dai yana da rowa: duk tsawon maganarka, kalmar ƙarshe kaɗai yake maimaitawa.

A shekarar da nake ba da labari, jinka ake nema wa Zauren Guragu, inda dabbobin da suka kuɓuta daga tarkon maharba suke zaune. Gara ta cinye tsohuwar jinkar tas. A cikin zauren akwai wata gada mai ƙafa uku, Delu, wadda tun daminar bara take fama da tari. Ƙanwarta Tasalla ta san cewa in ruwan bana ya same ta a fili, da wuya ta ga kaka. Tsoron nan ne ya kai Tasalla wurin jagorar ayari, wata tsohuwar rema da ake kira Inna Tabawa.

"Inna, ina so a sa ni cikin masu hawa."

Inna Tabawa ta dubi siraran ƙafafunta, ta ce, "Kin taɓa hawan abin da ya fi suri?"

"Ban taɓa ba, Inna."

"Ba komai, ƙafa tana koyo. Abin da ya fi dutsen wuya shi ne mai ɗaukar nauyi. Je ki samo, 'yar nan, sauran ki bar mana."

Tasalla ta fara da Ɓauna, mai fadamar da shuci ya fi kyau a cikinta. Kwana uku tana sintiri kafin a ce ta shigo. Ya saurare ta yana tuƙa, sa'an nan ya ce, "Yarinya, ni ba na son a san alherina. Kowa ya san haka, don na sha faɗa a bainar jama'a. Zan ba da shuci. Sharaɗina ƙarami ne: in kin kai sama, sunana ya zama na ƙarshe."

Tasalla ta sunkuyar da kai ta ce, "To, ranka ya daɗe."

Shuci kaɗai ba ya zama jinka, don haka ta wuce wurin Gafiya mai rumbu. Gafiya ta yi kukan tsadar rayuwa har Tasalla ta fara jin kamar ita ya kamata ta ba ta wani abu. Daga ƙarshe ta yi alkawarin igiya da guzurin gyaɗa, ta ce sunanta ya zo ƙarshe. Jimina kuwa ta yi alkawarin itatuwan ɗaurin jinka, ta cire gashinta guda ta soka wa Tasalla a bayan kunne don a san ta wace ce, ita ma ta faɗi irin sharaɗin. Kowacce Tasalla ta ce mata, "To, ranki ya daɗe."

A nan ne aka samu matsala. A gidan su Tasalla an koya mata cewa in babba ya yi magana, ƙarami ya ce to, ma'ana na ji. Manya kuwa tun da suke ba su taɓa jin to ɗin da ke nufin wani abu ban da na yarda ba. Ba a yi kwana biyu ba kowannensu ya baza labari cewa bana dutse sunansa zai kira, labaran uku suka ci karo a bakin rafi.

Aka kira majalisa a ƙarƙashin kuka, tsohon Kunkuru yana shugabanta. Ɓauna ya fara miƙewa.

"Ya ku jama'a, ni ban zo jayayya ba. Abin da ke raina shi ne bayin Allahn nan da ke kwance a zauren, wanda aka ce mini yana can ta yamma. Amma jinka shuci ce. Ku cire shuci ku ga abin da zai rage. Ba don kaina nake magana ba, don gaskiya nake yi, kuma ba laifina ba ne da gaskiyar ta faɗo a kan sunana."

Gafiya ta ce, "Shucin da ba a ɗaure ba, iskar farko ce za ta mayar wa mai shi da kayansa. Ni ce mafi ƙanƙanta a cikinmu, kuma ni na fi jin zafin abin da na bayar. Ko daren jiya ban runtsa ba saboda tunanin gyaɗar nan."

Jimina ta miƙa wuya ta ce, "Ayarin mata ne, kuma ni ce na daɗe ina magana a madadin mata. Duk taron da aka yi a kansu ina kan gaba. Ba zan zauna a kira wani namiji a ƙarshe ba, ko wata da ba a ganinta sai an duƙa."

Kunkuru ya sa aka kira Tasalla. "Yarinya, wa kika yi wa alkawari?"

Ta ce, "Ranka ya daɗe, to na ce."

Kunkuru ya lumshe ido, har wasu suka ɗauka barci ya yi. Can ya ce magana ce babba, ba a yi mata gaggawa. Ya naɗa kwamiti ya binciko ma'anar to, ya kawo rahoto bayan kaka. Kafin nan, duk alkawuran uku a dakatar da su. Aka yaba wa hikimarsa, aka watse.

Tasalla ta tafi zauren tana kuka. Ta ji kunya, ta ji haushin bakinta. Delu ta lashi goshinta ta ce, "Bar shi, ƙanwata. Kada ki je ki karye a banza mu zama biyu a nan." Tana rufe baki tarin ya sarƙe ta. Tasalla ta tsaya har ya lafa, sa'an nan ta koma wurin Inna Tabawa ta gaya mata ba ta da mai ɗaukar nauyi.

Tsohuwar ta ce, "An hana ki hawa ne?"

"A'a, Inna."

"To gobe da sassafe. Guzuri kuwa, mu tara ne, ba za mu ci muna kallonki ba."

Hawan ya yi wuya, ba zan ɓoye ba. Kofaton gada ba don santsin dutse aka yi shi ba. Sau biyu tana zamewa, wata birinya tana cafko ta. Da rana ta take, wata beguwa ta raba mata rogonta, wata zabuwa ta yi ta zuba surutu don kada ta dubi ƙasa. Gashin Jimina dai tun a hawa na farko iska ta yi gaba da shi. Inna Tabawa tana gaba, ba ta cewa komai sai "Nan za ki taka." Da la'asar suka kai, gwiwoyin Tasalla duk sun kuje, amma wani daɗi ya cika mata ciki irin wanda ba ta taɓa ji ba.

Ɗaya bayan ɗaya matan suka kira masu ɗaukar nauyinsu, dutse yana amsawa. Aka zo kan Tasalla. Ta san duk wanda ta sa a ƙarshe, biyu za su janye har abada. Ta ja numfashi ta fara jero su a haɗe, "Ɓauna da Gafiya da Jimina da..." tana neman abin da za ta ƙara, sai idonta ya kai gabas. Hadari ne baƙi ƙirin ya haɗo. Ta dubi ƙasa, ga zauren can a buɗe kamar ƙwaryar da ba faifai. Nan take ta manta da kowa.

"Wayyo Yaya Delu! Ga hadari ya taso, ba ku da jinka!"

Dutsen ya ɗauka. Jinka, jinka, jinka, har ƙarshen dajin. Na kusa suka ji jinka. Na nesa, da kalmar ta iso musu a gajiye, suka ji jinƙai. Kowa ya ɗaga kai ya ga gabas, kuma babu wanda ya nemi a yi masa bayani. Kurege ya ɗauko ciyawar da ya tanada wa raminsa. Tsuntsaye masu saƙa suka zo garke guda. Zomaye suka jawo rassa. Waɗanda suka ji jinƙai suka zo da abinci, wata tsohuwar bushiya ta kawo saiwar maganin tari.

Manyan uku fa? Da farko kowanne ya yi ajiyar zuciya, tunda ba a kira abokin hamayyarsa ba. Da suka ji dajin duka ya taru a wuri ɗaya, kuma ana ganin wanda ya kawo da wanda bai kawo ba, sai ga shuci, sai ga igiya, sai ga itatuwa, kowanne da mai shi a gaba. Ɓauna sai da ya tambayi hanya sau biyu.

Hadarin ranar iska ya zama, ya ba su kwana guda. Washegari da ayarin ya sauko, ana ɗaure bakin jinka. Tasalla ta kutsa ciki da ɗingishi, Delu ta dube ta ta ce, "Ashe kina da murya haka?" Suka yi dariya har hawaye.

Aka shirya bikin buɗewa a fili. Ɓauna yana tsakiyar jawabi ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya. Manya suka ruga zauren, guragu suka matsa suka ba su wuri, Delu ta miƙa wa Jimina busasshiyar ciyawa ta goge wuya.

Ranar ce manyan dajin suka fara ganin waɗanda suka daɗe suna taimaka wa, kuma an ce sun same su da kirki ƙwarai.