Yadda Za Ka Hana Takalmanka Sayuwa Don Kada Suruka Ta Samu Ɗaki

Kai mai sayar da takalma, na san abin da ke damunka. Ɗakin baƙi cike yake da kwalaye har rufi, kuma matarka ta faɗa maka ƙarara: ranar da kayan nan suka ƙare, mahaifiyarta za ta dawo gidan da zama. Ba ƙin surukarka kake yi ba, mutuniyar kirki ce. Sai dai tun asuba take kunna rediyo, kuma duk ranar da ta ga tumbinka sai ta tambayi 'yarta wata nawa ne. Ga shi yanzu an matsa maka ka buɗe shafin sayar da kaya a intanet. Kwantar da hankalinka. Bi matakan nan, na yi maka alkawari ko silifas ɗaya ba zai bar gidan ba.

1. Sa wa shafin nauyi

Fara da dogon bidiyonka kana yi wa jama'a barka da zuwa, ka haɗa da kiɗan da ke tashi da kansa. Mai saye ya zauna yana kallon 'yar da'irar nan tana juyawa har shayinsa ya huce, datarsa ta ƙare. Wanda ya gaji ya tafi, dama can ba saye ya zo yi ba.

2. Ɗauki hoton da kanka

Bari sai rana ta faɗi. Ɗora takalmin a kan zanin gado mai furanni, ƙafa ɗaya kawai, babban yatsanka na leƙowa daga gefe. In baƙin takalmi ya fito kamar busasshen kifi, hoto ya yi. Kada ka rubuta lambar takalmin. Mai ƙafa ai ya san ƙafarsa.

3. Ɓoye farashi

Rubuta cewa a kira don jin farashi, sannan ka sa tsohon layinka, wanda aka wanke a aljihun wando bara. Wata rana matarka za ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, “Baban yara, wai har yau ba wanda ya kira?”

Yi ajiyar zuciya mai ƙarfi, ka ce, “Kasuwa ce, sai haƙuri. Mutane ba su da kuɗi yanzu.” Kada ka yi murmushi sai ta juya baya.

4. Manta da masu waya

A kwamfuta kawai za ka gwada shafin. A waya kuwa, maɓallin saye ya zama kamar ƙwayar shinkafa, manne da na fasawa. Mai ƙaton yatsa ya yi ta fama.

5. Titsiye wanda ya kai wurin biya

In wani mai taurin kai ya tsallake duk wannan, to kada ka karɓi kuɗinsa da sauƙi. Sai ya yi rajista. Ya rubuta sunansa, da na kakansa, da ranar haihuwa, da kalmar sirrin da shi kansa ba zai tuna ba gobe. In ya kuskure wuri ɗaya, komai ya goge ya sake daga farko. Masana sun ce abin da aka sha wuya a kansa ya fi daraja. Ni ne masanan.

6. Kada ka kai wa kowa kaya

Wannan shi ne makullin ƙarshe. Cire wurin rubuta adireshi gaba ɗaya, ka bar zaɓi guda: mai saye ya zo ya ɗauka da kansa. Wane ne zai hau mota saboda silifas?

7. In wayarka ta yi ƙara da safe

Za ka duba ka ga an saye kayan duka, har silifas ɗin. Kafin ka gama mutsuke ido, matarka ta shigo da murna tana miƙo maka wayarta. Gyara zama, surukarka ce. Ita kaɗai ce a duniya take da tabarau, da lokaci, da haƙurin da ya fi ƙarfin shafinka.

“Sannu ɗana, Allah ya yi albarka,” za ta ce. “Na ji kasuwa ta ƙi, na ce ba zan zuba ido ba. Shafin naka kuwa akwai koyar da haƙuri. To, tunda an ce mai saye ya zo da kansa, ga ni nan tafe. Kayan a bar su inda suke, ba sauri nake ba. A hankali zan riƙa raba wa jikoki.”

Ka ce, “Allah ya kawo ki lafiya, Mama.” Sannan ka rufe bakin wayar, ka tambayi matarka a hankali ina baƙuwar za ta kwana, tunda ɗakin a cike yake.

“A ɗakinmu mana, tare da ni,” za ta ce. “Kai kuma na riga na shimfiɗa maka katifa tsakanin kwalaye.”

A kula: mai wannan rubutu ba shi da hannu a ciwon baya, ko rediyon asuba, ko warin sabon takalmi da zai kama rigunanka. Na yi alkawarin kaya ba za su bar gida ba, kuma ba su bari ba. Mai ƙorafi ya same ni a shafina, in ya buɗe.