Ɗaurin Aure ta Tagar Motata

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na kai Alhaji Sada wurin ɗaurin aure. Ko da ni na so in manta, mutanen Ƙofar Marusa ba za su bar ni ba.

Lokacin soja sun daɗe da komawa bariki, siyasa ta zauna da gindinta, kowane ɗan majalisa yana yawo da masu taimaka masa na musamman kamar ƙuda a kan mangwaro. Ni ma Allah ya tarfa wa garina nono, na samu shiga. (In gaskiya za a bi, ni mai taimaka wa mai taimaka masa ne. Aikina riƙe wayoyin oga idan ya shiga masallaci, da cewa "ƙwarai kuwa, ranka ya daɗe" duk lokacin da ya yi magana.) A unguwarmu ba wanda ya san wannan bambanci, ni kuma ban ga dalilin wayar musu da kai ba.

Da abu ya fara shigowa aljihu, mai hankali fili zai saya. Ni sai na aika Kwatano aka kawo mini mota. Ja wur, ƙofa biyu, kujera biyu, irin ta tsere, cikinta yana shafar ƙasa kamar ƙadangare. Hancinta dogo ne kuma a sunkuye, in ka zauna a ciki ba ka ganin inda ya ƙare. Turawan da suka ƙera ta da alama ba su taɓa jin labarin titunanmu ba, inda duk wanda matarsa ta haihu sai ya gina tudun rage gudu a ƙofar gidansa. Duk tudun da na hau sai in ji "ƙurrr" a ƙarƙashina, kamar zuciyata ake kankarewa. Kafin a jima bambar gaba ta koma kamar fuskar ɗan damben da aka kayar.

Wata Juma'a da yamma na kai ta wurin Sule, mai gyaran wayar mota a wajen Ƙofar Kaura. Ya zagaya ta, ya durƙusa, ya leƙa.

"Oga, wannan ai ido take so, da baki," in ji shi. "In ka matso kusa da abu ta yi maka kuka, kuma ka riƙa ganin gabanka a talabijin."

Ya huda bambar, ya dasa wasu 'yan abubuwa kamar maɓallan riga, ya ce sunansu sensa. Ya ɗora mini ɗan allo kusa da sitiyari. Da aka zo kan kamara sai ya sosa ƙeya.

"Ta gaba ta ƙare, sai ta baya. Amma kamara ai kamara ce, oga. Ina ta san gaba, ina ta san baya?"

Na ce wallahi maganarka dutse. Abin da ni da Sule ba mu sani ba shi ne, kamarar baya juya hoto take yi kamar madubi. In ka ɗaura ta a gaba, abin da ke damanka a hagu za ta nuna maka. A hanyar gida na lura rubutun da ke bayan wata tifa ya koma kamar na Larabci, daga dama zuwa hagu. Maimakon in yi tunani, sai na ce a raina, kai, fasaha ta yi nisa.

Dalilin wannan gaggawa kuwa, washegari ake ɗaura auren Hadiza, yayar Rabi. Rabi malamar asibiti ce da na daɗe ina nema. Mahaifinsu ya rasu, don haka wuƙa da nama suna hannun ƙanensa, Alhaji Sada na Kambarawa. Shi ne waliyyin Hadiza, shi ne kuma wanda zai ce e ko a'a ranar da magabatana za su je. Tsohon babban ma'aikacin gwamnati ne, ƙato, mai tumbi, wanda in ya yi gyaran murya a zaure har kajin cikin gida sai sun nutsu. Ban taɓa samun zama da shi ba, don haka na roƙi Rabi a bar ni in ɗauko shi.

"Ka ari motar yayanka mana," in ji ta. "Baffa ba zai shiga wannan kwalbar taka ba."

Na ce mata ta bar mini komai. (Duk wani bala'in da na taɓa shiga a rayuwata, da wannan jimla ya fara.)

Da hantsi na isa Kambarawa. Alhaji ya fito cikin farar shadda mai sitaci, babbar riga har tana ƙara, hula a tsaye, turare yana tashi. Na zube na kwashi gaisuwa, ya amsa a nutse, ya tambayi aiki, ya tambayi mahaifana. Sannan ya juya ya dubi motar. Ya daɗe yana dubanta.

"Samari, ina sauran motar?"

"Ita ke nan, Baffa."

"To. Allah shi kyauta."

Shigarsa kaɗai abin kallo ce. Ya fara da ƙafa, ba ta yiwu ba. Ya gwada da baya, hula ta faɗi. Daga ƙarshe ya saki jiki ya faɗa ciki kamar buhun gero, ni kuma na bi ina cusa sauran rigar ina ba ta haƙuri. Da na rufe ƙofa, gwiwoyinsa suna gab da haɓarsa, hularsa a kan cinya.

Muna hawa titi sensa ta fara aiki. Akuya ta gifta, "ƙit, ƙit, ƙit." Ɗan acaɓa ya sha gabanmu, "ƙit-ƙit-ƙit-ƙit." Mai kurar ruwa ya matso, ta tsala ihu kamar an taka wutsiyar mage.

"Mi ke kuka haka? 'Yan tsaki ka ɗauko?"

Na gyara zama na fara bayani. Na ce motar gani take yi, Baffa, ko allura ce a gabanta sai ta faɗa mini. Na nuna masa allo. Na kawo maganar ƙasashen da suka ci gaba.

"Kashe shi," in ji Alhaji. "Hawan jini gare ni."

Na danna maɓalli, ta yi tsit. Kuma daga wannan lokaci, Allah shi ne shaidata, na manta da na kashe ta.

Lungun gidansu Rabi a Ƙofar Marusa matsattse ne. An kafa rumfa, an shimfiɗa tabarmi, manyan mutane sun cika, liman yana zaune a tsakiya yana duba agogo. Duk wanda ya zo da mota a bakin titi ya bar ta ya taka. Ni ma da haka zan yi, sai wani maroƙi ya hango ni.

"Ga na hannun daman mai girma! Ga jan zaki a cikin jar mota! Yaro da abin manya!"

Kaina ya kumbura har yana taɓa rufi. Na hango mata suna leƙe ta saman katanga, na san Rabi tana ciki. Na ce a raina, yau har bakin tabarma zan sauke Baffa.

Na kutsa cikin lungun a hankali. Mutane suka fara ɗaga hannu.

"Tsaya! Malam, tsaya, akwai kwata!"

Na zuge gilashi, na fito da hannu ina yi musu alamar su kwantar da hankali, irin yadda na ga oga yana yi wa 'yan jam'iyya.

"Kada ku damu," na ce da ƙarfi yadda na saman katanga za su ji. "Motar tana gani."

Ban ƙara duban titi ba. Idona yana kan allo, kunnena yana jiran kukan sensa. A allon na ga kwata ƙatuwa, buɗaɗɗiya, a gefen hagu. Na yi murmushi irin na ƙwararru, na murɗa sitiyari dama.

Gwaram!

Tayar gaba ta dama ta afka cikin kwata. Motar ta karkace, ta kwanta a kan kafaɗar Alhaji, ni na dawo sama ina lilo a jikin bel. Baƙin ruwa ya yi tsalle ya wanke gilashin gaba da na gefensa. Maroƙin ya haɗiye sauran kirarinsa. Sai wata tsohuwa daga saman katanga ta ce, "Ashe dai makauniya ce."

"Innalillahi," in ji Alhaji, a hankali ƙwarai. Wannan sanyin muryar ya fi ba ni tsoro a kan ihu.

Aka taru. Ƙofar gefensa ba ta buɗuwa, don ta manne da bangon maƙwabta. Tsallako giyar motar zuwa gefena kuwa, ga mutum mai girmansa, ko a mafarki. Samari suka ce a ɗaga. Suka kama bamba, suka haɗa baki, "Ya Allah!" Bambar da Sule ya gama hudawa jiya ta ɓalle a hannunsu, tana reto da wayoyinta, motar ta ƙara nutsewa. Alhaji ya yi ƙara.

"Ƙuguna! Kada wanda ya sake taɓa ta! A nemo jak da katako!"

Wani dattijo ya leƙo tagata, ya dube ni da tausayi, ya ce, "Ai kwatar ubangidanka ce, ɗana. Shi ya haƙa mana ita gabanin zaɓe, ya ce murfi na nan tahe." Mutane suka kwashe da dariya. (Ni ne na rubuta jawabin da aka karanta ranar buɗe ta. Ban faɗa musu ba.)

Na lallaɓa zan buɗe ƙofata in sulale. Sai na ji an damƙe gefen rigata.

"Ina za ka?" in ji Alhaji. "Tare muka shigo."

Neman jak ya ɗauki lokaci. Liman ya ce shi fa yana da wani ɗaurin auren a wata unguwa, kuma ba a ɗaura aure ba waliyyi. Aka yi ta shawara. Daga ƙarshe ya miƙe, ya tattara rigarsa, ya ce, "To, tun da waliyyi ba zai zo wurin taro ba, taro ya je wurin waliyyi."

Haka aka jawo tabarmi zuwa gefen motata. Tagar Alhaji tana jikin bango, don haka ta tawa tagar aka yi komai. Liman ya sunkuyo, gemunsa yana shafar kunnena. Wakilin ango ya cusa kai ta gefen liman ya nemi auren Hadiza ta saman hancina. Alhaji, a kwance a karkace, gwiwa a haɓa, ya amsa da cikakkiyar murya kamar yana kan kujerarsa ta ofis, "Na ba shi." Aka miƙa goro da alewa ta kan cinyata. Ni kuwa na ƙanƙame jiki, na sunkuyar da kai, ina roƙon Allah ya mayar da ni kujera.

Na ɗauka iyakar abin ke nan. Liman ya ce a yi fatiha. Kowa ya ɗaga hannu, ni ma na ɗaga nawa da sauri don a ga ina da tarbiyya. Gwiwar hannuna ta daki maɓalli.

Sensa ta farka. Da yake bambar tana kife a ƙasa, abin da ta gani kaɗai shi ne duniya gaba ɗaya ta manne mata. Ta saki wani dogon ihu marar yankewa, "ƙiiiiiiiii," a tsakiyar addu'a. Na ruɗe na hau danne-danne. Na kunna abin share gilashi, ya watsa wa wakilin ango ruwan kwata. Na taɓa hon. Rediyo ta kama, wani yana tallar maganin basir. Liman bai tsaya ba, sai dai ya ɗaga murya yana gasa da mu, jama'a suna cewa amin kafaɗunsu suna rawa. Alhaji Sada ne da kansa ya miƙo yatsa ɗaya, bai ko buɗe ido ba, ya kashe mukulli.

Sai bayan an watse aka ciro mu. Alhaji ya fito, ya miƙe a hankali, ya sa hularsa, ya dubi shaddarsa da ta koma kamar an tauna. Ya ɗaga hannu ya tsayar da ɗan acaɓa.

Kwana da kwanaki ban kunna waya ba. Da na kunna, Rabi ce ta fara kira. Ban ji sallama ba, dariya kawai nake ji, har tana shaƙewa. Da ta samu numfashi ta ce a hotunan bikin duka, babu wanda aka fi nema a wanke irin wanda na fito a tsakanin liman da Baffa. Ta ce yara a unguwar sun samu sabon wasa: ɗaya ya rufe ido ya miƙe hannu yana cewa "motar tana gani," har ya faɗa kan 'yan uwansa.

Na sallama cewa aure ya tafi. Amma yayana ya ce a je dai, in ma korar ce a ji ta da kunne. Suka je Kambarawa, suka dawo suna ƙunshe dariya. Wai Alhaji ya saurare su har suka gama, sannan ya ce, "Yaron wawa ne, amma ba mugu ba ne. Kuma na riƙe shi a cikin kwata, bai fizge ba. Irin wannan ake ba mace." Sai dai ya kafa sharaɗi: 'yarsu ba za ta shiga motar nan ba, ko da a tsaye take.

Na sayar da ita ga wani ɗan kansila, da sensarta da kamararta, na kuma yi masa bayanin dama da hagu tsakani da Allah. Ya ce in bar masa komai.

Yanzu Rabi tana da 'ya'ya uku a gidana, kuma har gobe in muka je gaisuwa, Alhaji yakan tambaye ni, "Yaya idon motar?" Abin da na koya bai taka kara ya karya ba, amma na saye shi da tsada: in mutanen unguwa suka haɗa baki suna ce maka tsaya, to ka tsaya. Su suka san inda kwatarsu take, kuma su za su daɗe suna ba da labarinka.