Gaisuwar da Na Kasa Tashi Daga Ita

Ba zan taɓa mantawa da haihuwata ta fari ba, ranar da gwanintar ladabi ta kusa ja mini abin da ba zan iya ɗauka ba.

Daga Bagudo aka tura ni babban asibiti a Birnin Kebbi. Da naƙuda ta yi tsanani, likita ya yi mini allurar baya mai kashe zafi. Na karɓa hannu biyu, amma na roƙi nas ɗin da ke kula da ni, Sista Hauwa, kada ta gaya wa kowa. A dangin mijina, macen da ta haihu ba ta ce wayyo ba ita ce mace, ni kuwa ina son wannan suna (a araha, ba shakka).

Sista Hauwa ta kwantar da ni ta gefen hagu, tana ta auna jinina. Da na fara rawar ɗari da ƙaiƙayi, ta lulluɓe ni ta ce aikin allurar ne. Gargaɗi ɗaya ta yi mini: "Ƙafafunki sun yi barci. Kada ki sauko."

Sai ga uwar mijina daga Kaoje, an bar ta ta leƙo. Ta gan ni shiru, ta ce, "Kai, ɗiyag ga akwai dauriya!"

Kaina ya kumbura. Yaya jaruma za ta gaida suruka a kwance? Na zuro ƙafa zan durƙusa. Ƙafafun suka ce ba da su ba. Na zube ƙasa tim, robar ƙarin ruwa tana lilo.

Aka ciccibe ni. Sista Hauwa ba ta yi faɗa ba, ta ɗora na'ura a cikina tana neman bugun zuciyar jariri. Shirun nan ya fi naƙudar ciwo, tsoro ya kama ni ƙwarai. Da muka ji bugun, na fashe da kukan da nake ta ɓoyewa, na tona asirin allurar da bakina.

Uwar mijina ta matso kusa da gadon. Ta riƙe hannuna. "Ni da nic cije zane har haƙorina ya karye, mi aka ba ni? Da akwai ta a zamaninmu, biyu zan ce a yi mini."

Tun ranar, idan nas ta ce in kwanta, ko wa ya shigo daga kwance nake gaishe shi.