Kande Bushiya da Ƙwarya Mai Huji

A wani daji da ke tsakanin rafuka biyu, inda majalisar dabbobi ke zama a gindin wata tsohuwar kuka, an yi wata bushiya mai suna Kande. Ita ce mai maganin unguwar Gindin Kanya. Damina ashirin da ɗaya ta yi tana wannan aiki, har ta kai ba sai an ba ta labarin kowa ba. Ta san gafiyar da ta gaji tari daga uwarta, ta san kwaɗon da cikinsa ba ya murɗawa sai ranar da suka yi faɗa da matarsa. Majalisa kan auna mata hatsi gwargwadon yawan 'yan unguwa, ko sun yi ciwo ko ba su yi ba. Hatsin bai taɓa isarta ba, amma ba ta taɓa rufe ƙofa ba.

Sai unguwa ta cika. Damo, mai maganin unguwar gaba, ya gaji ya ajiye aiki ya koma bakin rafi, marasa lafiyarsa suka dawo wurin Kande. Mai ciwo ya kan kwana huɗu yana jiran a duba shi. Ƙorafi ya yi yawa har ya kai kunnen Ɓauna, shugaban majalisa.

A lokacin ne Shamuwa Barmani, wadda ke riƙe da sha'anin lafiya, ta dawo daga tafiyarta ta shekara. Tsuntsuwa ce mai kirki, kuma jiran da marasa lafiya ke yi yana damunta da gaske. Ta miƙe a majalisa ta ce:

"Ranka ya daɗe, na ratsa dazuzzuka bakwai, kuma na ga yadda masu tsari ke yi. Bai kamata mai ciwo ya kwana bai ga mai magani ba. Don haka kullum da asuba a zuba tsakuwa ashirin a ƙofar mai magani. Duk wanda ya ɗauki ɗaya, ranar za a duba shi, babu jira, babu sanayya. Don kada wani ya cinye lokacin wani, a ɗora ƙwarya mai huji a kan ruwa. In ta nutse, mai ciwo ya tashi na gaba ya shigo. Hatsi kuma a daina auna shi da yawan 'yan unguwa, a auna da yawan tsakuwar da ta dawo. Wanda ya yi aiki ya ci. Ni dai ban ga wanda wannan zai cuta ba."

Aka yi ta jinjina kai. Ɓauna ya waiwayi Kande ya tambaye ta ko tana da magana.

Ta ce, "Ranka ya daɗe, tambaya ɗaya ce. Ita ƙwaryar, ta san tsoho?"

Aka yi dariya, don an ɗauka wasa take yi. Ita ma ta yi murmushi ta koma ta zauna. A ranta ta ce wataƙila tsufa ne ya sa take ƙin sabon abu, kuma ta ƙudura za ta bi tsarin da zuciya ɗaya.

Ta kuwa bi. Kafin gari ya gama wayewa tsakuwa ta ƙare. Barewa da kurege da 'yan tsuntsaye su ke kwashewa, masu ja da ciki su iso su tarar ba ko ɗaya. Wani zomo mai suna Cindo bai taɓa fashi ba. Yau kunne ke masa ƙaiƙayi, gobe ya yi mafarkin da bai gane ba. Kande ta san ba abin da ke damunsa sai kaɗaici tun da 'ya'yansa suka watse, don haka ba ta korarsa. Ta kan leƙa kunnen, ta ce masa ya rage tunani.

Ran nan wata tsohuwar hawainiya, Iya Tabawa, ta samu tsakuwa. Tun shekaranjiya ta baro gida don ta riga masu gudu. Ta shigo tana ɗaga ƙafa tana ajiyewa, Kande ta ɗora ƙwarya a kan ruwa.

"Sannu, Kande."

"Yawwa, Iya, sannu da zuwa. Me ke damun ki?"

"Ina kwana?"

"Lafiya lau, Iya. Jikin ne?"

"Ina gajiya? Ya mutanen gida? Ƙanwar nan taki da ta yi aure a hayin rafi, kina jin labarinta?"

Kande ta amsa duka, idonta na kan ƙwarya. Tabawa ta juya ido ɗaya sama ɗaya ƙasa, kamar mai neman inda za ta kama zancen.

"To, dama abin da ya kawo ni, ba wani abu ba ne sosai..."

Ƙwarya ta nutse. A waje wani ya yi gyaran murya. Kande ta dubi layin, ta dubi tsohuwar, ta ce, "Iya, ki daure ki dawo gobe, mu yi maganar a nutse."

"Ba komai, 'yar nan. Allah ya yi albarka."

Sai da ta fita Kande ta lura da abu ɗaya. Tabawa ta zauna a kan ɗanyen ganye tun shigowarta, amma jikinta bai yi kore ba, yana nan toka-toka. Ta so ta kira ta, na gaba ya riga ya shigo. Tsakuwar Tabawa ta shiga tukunyar ƙirga tare da sauran, a matsayin wadda aka duba.

Gobe ta yi, Tabawa ba ta zo ba. Jibi ma haka. Kullum Kande na leƙa layi tana neman launin toka, ba ta gani. Ta yi ta gaya wa kanta cewa tsohuwar ta warke ne, amma ta san hawainiya ba ta tafiyar kwana biyu don gaisuwa. Ran kwana tara, da sassafe, ta fito ta tarar da masu tsakuwa ashirin sun jeru, Cindo a gaba. Ta ce musu yau su yi haƙuri, ta rataya jakar magani ta kama hanya.

Ta samu Tabawa a kan wani ƙaramin reshe na sabara, ta rame har ana ƙirga haƙarƙarinta. Ƙudaje na wucewa ta gaban hancinta ba ta ko motsa ba. Wannan karon Kande ta zauna ta bari aka gama gaisuwa tsaf, har da tambayar ƙanwar hayin rafi. Sannan Tabawa ta buɗe baki. Ƙaya ce ta karye a ƙarƙashin harshenta, wurin ya kumbura ya yi ruwa. Kusan wata guda ke nan ba ta iya harba harshe ta kama abinci.

Kande ta yini a nan. Ta tsaga kumburin, ta zaro ƙayar, ta wanke da ruwan bagaruwa. Ta kamo fara ta daddaka, tana ba ta kaɗan-kaɗan.

"Iya, me ya sa ranar ba ki faɗa min ba tun farko?"

"Ban gama gaishe ki ba," in ji Tabawa. "Kuma abin kunya ne, hawainiya ta ce harshenta ya ƙi aiki. Irin wannan ba a faɗarsa a tsaye."

Kande ta sunkuyar da kai tana ɗaure jaka. Ta san da ta ƙara kwana uku, da gawa za ta tarar.

Cindo ya kai ƙara, ba don mugunta ba, sai don ranar bai samu wanda zai yi wa magana ba. Majalisa ta sa ranar zama bayan kwana uku, ta kuma yi shela cewa duk mai bayani ya zo a saurare shi.

Barmani ta fara magana. "Ranka ya daɗe, ina girmama Inna Kande, ita ta ɗaure min fiffike ina ƙarama. Amma tun da muka kawo tsarin nan, waɗanda aka duba sun ninka na da. Ita kanta hawainiyar an duba ta, tsakuwarta na cikin tukunya. In kowane mai magani zai bar ashirin ya tafi wurin ɗaya, mun koma inda muka fito."

Kande ta matso gaba. Ba ta saba magana a taro ba.

"Ranka ya daɗe, gaskiya ta faɗa, na bar ashirin. Ashirin ɗin nan na san su, kuma na san duk za su kai gobe. Ɗayar ce ban sani ba. Ban ce a koma yadda ake da ba, don da ma ana shan wahala, ni na fi kowa sani. Amma yanzu masu ƙafa nake gani, ba masu ciwo ba. Wanda ciwo ya ci ƙarfinsa ba ya tsere da barewa. Kuma tsakuwar Iya Tabawa da ke cikin tukunya, ni na jefa ta, ban kuwa duba ta ba. A cire ta, don kada a auna min hatsin da ban yi aikinsa ba. In ana so kowa ya ga mai magani, a nemo wanda zai maye gurbin Damo. Hannu biyu gare ni na aiki."

Kurege ma'aji ya ce rumbu ba zai ɗauki mai magani na biyu ba. Ɓauna ya yi dogon tunani, ya yanke cewa Kande ta yi laifi kuma ta kyauta, a hana ta hatsin ranar, a kuma yi mata godiya. Aka watse.

Kande na shirin tafiya ta hango wani abu kore shar yana tahowa a hankali. Tabawa ce. Tun ranar shela ta taso don ta ba da shaida. Ba kowa a gindin kuka sai Kande da Barmani, wadda ta tsaya don ta ba Kande haƙuri.

"An tashi, Iya," in ji Barmani.

"Ba komai, 'yata. Ke ma kin isa. Ina wuni?"

Barmani ta dubi Kande. Kande ta ɗauke kai. Shamuwa ta gyara tsayuwa a kan ƙafa ɗaya ta amsa gaisuwa. Sau uku tana sauya ƙafa kafin Tabawa ta kai ga zancen ƙaya. Da ta kai, Barmani ba ta ƙara motsi ba har aka gama. Sannan ta tambayi Kande a hankali, "Inna, irinta nawa ne a unguwar?"

Kande ta fara kiran suna. Akwai katantanwa mai ciwon ido, akwai kunkurun da ƙafarsa ta kumbura, akwai jemagen da asuba lokacin barcinsa ne. Barmani ta ce ya isa.

A zama na gaba Barmani da kanta ta kawo gyara, ta kuma yi faɗa a kansa har muryarta ta dishe. Ba a ƙara hatsi ba, ba a nemo magajin Damo ba, ƙwarya ma tana nan. Amma an yarda duk ranar Laraba mai magani ta rufe ƙofa ta zaga gidajen waɗanda ba sa iya zuwa. Cindo ya ce shi zai riƙa gaya mata wanda ya kwanta, tun da ba ramin da bai sani ba, kuma daga nan kunnensa ya daina ƙaiƙayi.

Majalisa ta yi shela cewa zuwa duba mara lafiya har gida sabon tsari ne da babu irinsa a kowane daji. Aka kuma tura Kande horo na kwana bakwai, ta koyo yadda ake yi.