Makarantar da na buɗe a zaure

Shekarar da aka rufe makarantar su Halima 'yata, aka kuma ɗauke sabis a Faskari, na rantse yarana ba za su zauna ba karatu. Na hau mota har Funtuwa, na wuni ina zaɓar bidiyon darussa a intanet. Kowanne na gani sai in danna alamar ajiyewa. Arba'in cif!

Da na dawo, matata ta ce, "Baban Halima, ka gwada ko guda kahin ka tara mutane."

Na ce, "Ke mi kika sani game da intanet?"

Na share zaure, na gayyato yaran unguwa. Har Alhaji maƙwabcina ya zo da kujerarsa da jikoki shida. Na yi dogon jawabi kan ilimin zamani, na jingina waya da kwano, na danna.

Wata 'yar da'ira ta fito tana juyawa. Na ce a yi shiru, shiri take yi. Haka muka zuba mata ido har aka kira azahar. Ashe ban sauke komai ba, sunayen darussan kawai na ajiye!

Alhaji ya ɗauki kujerarsa ya ce, "Malam, wanga karatu ya yi zurhi. Gobe ma shi za a yi?"

Sabis ya dawo, makaranta ta buɗe, amma har yau ba mai gaishe ni da baki a unguwar nan. Yatsa kawai suke ɗagawa su juya shi a iska. Har da Halima, 'yar da na haifa!